Babi na Huɗu: Tsohuwar Bindiga Mai Sakata, Za a Iya Dogara da Ita?

Duk wanda ya gaji bindigar farauta, ko aka yi masa tayin wata ta hannu, tambayoyi uku ne ke fara zuwa bakinsa. Wane aji ce? Shekararta nawa? In an shiga daji da ita za ta tashi lokacin da ake so, ta kuma yi shiru lokacin da ba a taɓa ta ba? Yawancin mutane a tambayar farko suke ɓata lokacinsu, domin ita ce ido ke gani, ita ce kuma ke sa farashi. Ta uku ce ke riƙe da ran mutum.

A Abuja da kewayenta ba kowa ke da irin wannan bindiga ba. Mafarautan ƙauyukan Kwali, Abaji, Kuje da Bwari galibinsu adaka suke saɓawa, ko mai baki ɗaya da ke watsa ƙwarƙwaro, kuma ta ishe su ga zabo da zomo da gafiya. Mai sakata, wadda ke aika harsashi guda ya yi tafiyar mita ɗari biyu ya sami mazo ko gadu, an fi samunta a gidajen tsofaffin hafsoshi da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar da suka yi zama a waje. Da yawa cikinsu sun girmi birnin kansa, wanda sai a watan Disambar 1991 gwamnati ta tare a cikinsa. Sau da yawa mai ita ya rasu, ta faɗa hannun 'ya'yan da ba su san komai a kanta ba sai cewa Baba yana ji da ita.

Takarda kafin ƙarfe

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, mai ofis a Gidan Louis Edet da ke nan Abuja. Sai kuma na ɗure ta baki, wato su adaka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Ga wurin da masu gado ke tuntuɓe. Dokar ta lissafa bindigogin soja cikin haramtattu, ta kuma ambaci faɗin bakinsu: milimita 7.62, milimita 9, da .300 da .303 na inci. Saboda haka tsohuwar Lee-Enfield mai cin .303, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, wadda 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna rataya wa a kafaɗa, ba ta zama bindigar farauta don kawai an rage mata katako an goge ta. Wanda aka kawo masa mai cin .308 ko .30-06 shi ma ya tsaya ya tambayi hukuma, domin faɗin bakinsu ɗaya ne da 7.62 ɗin da aka ambata. Lasisi kuma na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. In mai shi ya rasu, abin yi shi ne a sanar da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. A 2023 ma rundunar ta ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka kada kowa ya biya kuɗin bindiga bisa alkawarin wani cewa takarda za ta fito daga baya.

Duk abin da zai biyo baya a wannan babi, ga wanda takardunsa suka cika ne.

Yadda sakatar ke aiki

Aikin hannu huɗu ne. A ɗaga mariƙin sakata sama, a ja ta baya, a tura ta gaba, a danne ƙasa. Jan baya yana zaro kwanson da aka harba ya wurgar. Turawa gaba tana ɗauko sabon harsashi daga gidansa ta cusa shi a gindin bututu. Dannewa ƙasa kuwa tana juya wasu haƙora biyu masu kauri da ke kan sakatar su shige gurbinsu a jikin uwar bindiga. Waɗannan haƙora su ne ke tsaye tsakanin fuskar maharbi da matsin da ya haura fam 50,000 a kan kowane inci murabba'i a lokacin da albarushi ya kama.

Sojojin Furushiya ne suka fara karɓar bindiga mai sakata a 1841, ƙirar Dreyse. Amma wadda ta zama uwa ga kusan duk na yau ita ce ta Paul Mauser ta 1898, daga garin Oberndorf na Jamus. Mauser ya ƙara haƙori na uku a baya don ko-ta-kwana, ya huda ramuka a jikin sakata don iskar wuta ta sami mafita in kwanso ya fashe, ya kuma sa wata doguwar ƙugiya mai cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga gidansa, ba ta saki sai ta wurgar da shi. Fiye da shekara 120 ke nan, har yau kamfanoni suna kwaikwayonta.

Aji: ado ne ko aiki?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota ya san Camry LE da Camry XLE. Sau da yawa inji ɗaya ne, bambancin yana kujerar fata da ƙyalƙyalin gaban direba. Haka yawancin ajujuwan bindiga suke.

Ɗauki Remington 700, wadda ta fito a 1962 kuma aka ƙera miliyoyinta. Da aji biyu ta zo, ADL da BDL. Uwar bindiga ɗaya, sakata ɗaya, bututu ɗaya, kunama ɗaya. BDL tana da katako mai sheƙi, da baƙin kai a ƙarshen ƙota wanda aka raba da farin layi, da zane mai kyau a mariƙa. ADL ba ta da wannan kwalliya. Daga baya aka ƙaro CDL mai katako marar ƙyalli, da SPS mai ƙotar roba. In aka kafa su duka a kan benci aka ba su harsashi iri ɗaya, ba abin mamaki ba ne mai arhar ta fi mai tsadar tara harsasai wuri guda. Haka Winchester Model 70, wadda ta fito a 1936: Super Grade tana da zaɓaɓɓen icen walnat da gogaggen ƙarfe, Featherweight ta 1952 an sirantar mata da bututu don ta yi sauƙin ɗauka, amma cikinsu ɗaya da na gama-gari.

Ba na raina kyakkyawan katako. Wanda ya riƙe ƙotar da gwani ya sassaƙa, ya ji yadda take kwanciya a kunci, ya san akwai abin so a wurin. Sai dai kada a ɗauka tsadar aji lamuni ce ta aminci.

Akwai dai wurin da aji ke taɓa aiki, kuma ya kamata a tsaya a kansa. BDL tana da murfi a ƙarƙashin gidan harsashi, ana danna maɓalli ya buɗe, harsasai su zubo a tafin hannu. ADL ba ta da shi, ƙasanta a rufe yake ruf. Mai ita in ya dawo daga daji zai sauke harsasai, dole ya bi da su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar sakata. Yanzu haɗa wannan da wani abu: a kan 700 ɗin da aka ƙera kafin 1982, sakata ba ta buɗuwa in makullin kunama yana rufe. Ke nan mai tsohuwar ADL sai ya buɗe makulli, da harsashi a bututu, kafin ya fara saukewa. A daidai lokacin da mutum ya gaji, ga yara sun taho taryarsa a ƙofar gida. Wannan bambanci ya fi ƙyallin katako muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma da wuya mai sayarwa ya ambace shi.

Ƙotar roba ma tana da hujjarta a nan. Daminar Abuja tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, iska cike da laima, sannan hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Katako yana sha ya kumbura, ya bushe ya tsuke. In ya motsa yana dannar bututu ta gefe, sai bindigar da aka saita a watan Agusta ta riƙa kauce wa wuri a Janairu. Roba ba ruwanta da wannan.

Karanta shekaru a jikin ƙarfe

Mai sayarwa zai ce maka "ta zamanin Turawa ce" ko "sabuwa ce fil, sau biyu aka harba". Kada ka yi musu da shi. Kai ta wurin haske, ka shafe gindin bututu da tsumma mai ɗan mai, ka duba.

Abu na farko lambar bindiga ce, a jikin uwar. Kamfanoni da yawa sun fitar da jadawalin da ke nuna lambobin kowace shekara. Model 70 mai lamba ƙasa da 600,000 ta kafin 1964 ce; na 1964 daga 700,000 suka fara. Ƙananan bindigogin .22 na Amurka da aka yi kafin 1968 da yawa ba su da lamba tun daga masana'anta, domin sai a shekarar doka ta wajabta. Wannan daban yake da lambar da aka kankare. In ka ga wurin lamba ya yi kwari, ko ya fi sauran jikin santsi, ajiye ta ka yi tafiyarka. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a watan Yunin 2006, a kan lamba da rajista ta ginu, kuma bindigar da aka goge wa lamba ba abin da za ta jawo wa mai riƙe da ita sai tuhuma.

Remington tana da nata salon. A gefen hagu na bututu, dab da uwa, akwai ƙananan haruffa. Ɗaya na wata ne, bisa jerin BLACKPOWDERX: B Janairu, L Fabrairu, A Maris, har zuwa X Disamba. Na kusa da shi na shekara ne, amma haruffan shekara suna maimaita kansu bayan wani zagaye, saboda haka sai an haɗa da lambar uwa da fasalin bindigar kafin a yanke hukunci. Kuma shekarar bututu ce kawai suke nunawa. In an taɓa sauya bututu, lissafi ya tashi.

Na Turai sun fi sauƙin karantawa, domin a ƙasashe da yawa na can doka ta hana sayar da bindiga sai gidan gwaji ya harba ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, ta jure, sannan a buga mata hatimi. Gidan gwaji na Landan tun 1637 yake, na Birmingham tun 1813. Haruffan BNP da kambi a kansu hatimin Birmingham ne daga tsakiyar shekarun 1950. Ƙahon barewa na gidan gwajin Ulm ne a Jamus, kuma Jamusawa sukan rubuta shekara da haruffa biyu, A a matsayin 0, B a matsayin 1, har zuwa K a matsayin 9. Bindigogin Brno da CZ na ƙasar Cek sukan ɗauki lambobi biyu na ƙarshen shekara kusa da hatimin. Amurka ba ta da irin wannan tilas, kowane kamfani shi ke gwada kayansa.

A kan tsofaffin bindigogin sojan Ingila akwai haruffa biyu da ya kamata kowa ya haddace: DP. Ma'anarsu an cire bindigar daga aikin harbi, ta koma ta fareti da koyar da kurata. Ba a sa mata harsashi, ko da kuwa tana sheƙi.

Me shekara ke gaya maka?

Ƙarfe ba ya ruɓewa don tsufa kawai. Mauser ta 1930 da aka adana a bushe tana iya fin ta bara lafiya. Amfanin sanin shekara shi ne ya gaya maka a wane hali masana'antar take lokacin da ta ƙera abin da ke hannunka.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Winchester. Kafin 1964 Model 70 tana da doguwar ƙugiya irin ta Mauser, kuma ƙwararru ne ke gyara sassanta da hannu. Tsadar aiki ta yi wa kamfanin yawa, sai a 1964 ya sauya ƙira: ƙaramar ƙugiya, sakata mai tura harsashi kawai ba ta cafke shi, zanen katako na dannawa da inji. Mafarautan Amurka suka yi ca a kansu, farashin tsofaffin ya tashi, har yau bai sauko ba. A gaskiya sababbin ba su gaza wajen saiti ba, an kuma gyara santsin sakatarsu a 1968. Amma mai bin ɓauna ko wani naman da ke iya juyowa kansa yana da dalilin son doguwar ƙugiya, domin ko a firgice ya ja sakata, ko bindigar tana karkace, harsashi yana riƙe ba zai faɗi ko ya cushe ba. Wannan ne ya sa Brno ZKK 602 mai cin .375 ta karɓu a hannun mafarauta da masu gadin daji a gabashi da kudancin Afirka: ba ta da kwalliya, amma tana ci tana tofarwa cikin ƙura da zafi. Winchester da kanta ta dawo da tsohuwar ƙugiyar a farkon shekarun 1990.

Wani lokaci shekara gargaɗi ce kai tsaye. Springfield 1903 da lambarta ke ƙasa da 800,000, ko ƙasa da 285,507 in ƙirar Rock Island ce, an gasa ƙarfen uwarsu ta hanyar da ta sa wasu suka yi gautsi, wasu kuma sun tarwatse a hannun sojoji. Ido ba ya bambanta mai lafiya da marar lafiya a cikinsu, shi ya sa masana ke cewa a rataye su a bango. Kuma kada a ce wannan matsalar mutanen da ce. A 2014 Remington ta yi kiran a dawo da Model 700 masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 1 ga Mayun 2006 zuwa 9 ga Afrilun 2014, saboda wani manne da ya yi yawa a cikin kunamar yana iya sa bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba. Bindigar da ta tsallako teku ta shige kabad a Maitama ko Gwarimpa, wa ya kai mata wannan labari? Wanda ke da 700 ta waɗannan shekaru ya kamata ya ɗauka ba a gyara ta ba, sai in ya ga shaida.

Duba lafiyarta

Kafin komai, juya bakin bindiga inda ba kowa, buɗe sakata, duba da ido, sa yatsa ka taɓa gindin bututu, ka tabbata babu harsashi a ciki ko a gidansa.

Zare sakatar gaba ɗaya. Ɗaga bindigar ka leƙa ta baya, bakinta yana fuskantar farin bango da rana ta haska. Lafiyayyen bututu yana walƙiya, tsagogin da suka murɗa a cikinsa suna da kaifin gefe tun daga farko har baki. Na marar lafiya duhu ne, kamar an barbaɗa barkono, gefen tsagogin ya dakushe. Ka fi zura ido a incin farko bayan mazaunin harsashi, nan wuta ta fi ci. Sai ka juya ka duba leɓen baki. Ɗan ƙaramin tabo a wurin, irin wanda ake samu in an jingina bindiga da ƙasa ko an yi ta goga sandar wanki ta gaba, ya isa ya karkatar da harsashi.

Bututun farauta yana ɗaukar harbi dubbai kafin ya gaji, kuma ba mafarauci nawa ne ke kaiwa nan ba a duk rayuwarsa. Abin da ke kashe bindiga a ƙasarmu tsatsa ce. Tsofaffin harsasan soja suna barin wani gishiri a bututu bayan harbi, gishirin ya jawo laima, a kwana biyu cikin damina ciki ya yi ja. Mai ba ya narkar da shi, sai ruwa, sannan a busar a shafa mai. Sai kuma ajiya cikin jakar fata ko ta soso, wadda ke riƙe danshi a jikin ƙarfe wata da watanni. Hunturu shi ma da nasa: in an cika wa sakata mai, ƙura ta haɗu da shi ta zama kunu mai kauri, allurar da ke dukan gindin harsashi ta yi nauyi, a ja kunama a ji ƙas, nama ya tafi.

Duba lambar da ke jikin sakata, in akwai, ka gwada da ta uwa. A masana'anta ake daidaita kowace sakata da bindigarta, yadda ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi ba za ta wuce kaurin 'yan silin gashi ba. In an ɗauko ta wata bindiga an sa, ratar tana iya yin yawa, kwanso ya miƙe ya tsage, wuta ta dawo baya. Ana auna wannan da wasu ƙarafa masu siffar harsashi da maƙerin bindiga ke ajiyewa. Ido ba ya yi, kuma doka ba ta yarda kowa ya gyara bindiga ba sai mai izini, saboda haka ba aikin mai walda na bakin titi ba ne.

Sai gwajin kunama, bindiga ba komai a ciki. Ɗana ta, rufe makulli, ja kunama da ƙarfi, saki, sannan ka buɗe makullin. In ka ji allura ta faɗi, bindigar nan ba ta shiga daji. Sake ɗanawa, ka rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ka ɗan buga gindin ƙota a kan tabarma. Duk wadda ta tashi a wannan gwaji, wani ya taɓa sassauta mata kunama ko datti ya cika ta. Ka kuma duba wuyan ƙota, bayan uwa, inda katako ya fi siranta. Tsaga a nan tana ɓuya a ƙarƙashin tsohon mai, sai an ɗan murɗa ƙotar a hannu take buɗe baki.

In mai sayarwa yana da kwanson da aka harba da ita, karɓa ka juya shi a yatsu. Kwanso ba ya ƙarya. Kumburi a gefe ɗaya, ko farin zobe da ya zagaye shi kusa da gindi, ko hular da allura ke duka a tsakiyar gindi da ta turo waje, kowanne yana nuna akwai abin da ba daidai ba a mazaunin harsashi ko a ratar sakata.

Kwanson zai nuna maka wani abu kuma: rubutun da ke gindinsa. Dole ya yi daidai da wanda aka buga a jikin bututu, harafi da harafi. Akwai harsasan Jamus guda biyu da ake kira 8x57, ɗaya ya fi ɗaya kauri kaɗan, kuma mai kaurin yana iya shiga tsohuwar bindigar da aka yi wa siririn. Yadda ake karanta waɗannan lambobi, da wane harsashi ya dace da wane nama, da yadda ake gane wanda ya daɗe a ajiye har ya lalace, shi ne abin da babi na biyar zai ɗauka.